Ƙarshen Hunturu a Fadamar Kebbi: Tsare Shinkafa Daga Dinya da Ɗaure Rufi Kafin Guguwar Farko

Daga tsakiyar Fabrairu hazo ke fara janyewa, sanyin asuba ya ragu, rana ta fara cizo tun da hantsi. A wannan tsakanin manomin rani na fadamun Argungu, Augie, Suru da Bunza, da takwaransa da ke shan ruwan dam ɗin Bakolori a Talata Mafara, suna da aiki biyu a gabansu. Ƙananan tafkuna sun ƙafe, don haka duk tsuntsun ruwa da ke yankin ya tattaro zuwa inda ruwa ya rage, wato gulbi da gonar ban ruwa. Makonni kaɗan bayan haka kuma hadarin farko zai haɗo daga gabas, wanda iskarsa ta fi ruwansa yawa. A kudancin jihar Kebbi, wajen Yauri da Zuru, yakan riga zuwa tun a Afrilu. A arewa yakan kai Mayu.

Dinya da guguwa hali ɗaya gare su, kowacce kafa take nema. Dinya na neman gurbin da shuka ba ta rufe ruwa ba, iska na neman kwanon da ƙusarsa ta saki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma yawancin aikin da za a bayyana a nan toshe tsaga ne tun ana da sarari.

Fara gane wanda ya yi ɓarnar

Manyan dinyoyin Turai da ake gani a hoto sun jeru a sama ba sa tsallako Sahara. Baƙin da ke zuwa mana daga Turai da Rasha ƙananan agwagin ruwa ne. Suna isowa wajen Oktoba da Nuwamba, su juya gida tsakanin Maris da Afrilu. Gab da tafiyar suna ci ba ƙaƙƙautawa don tara kitsen hanya, shi ya sa ake jin nauyinsu a ƙarshen hunturu. Dinyarmu kuwa, baƙa mai farin ciki da jan baki, mai ƙaya a gwiwar fiffike, 'yar Afirka ce. Ƙaurarta bin ruwa ne daga wannan fadama zuwa waccan, kuma babban namiji yakan haura kilo 5. Sai kirinjijiya mai farar fuska, wadda ake jin fitonta da dare tana wucewa garke-garke.

Ka shiga gona da sassafe kafin rana ta busar da sawu. In dinya ce, za ka tarar an tsinke ganye daga sama kamar an bi da almakashi, shuka ta kwanta a wuri guda an tattake ta cikin laka, ga faffaɗan sawu mai fata tsakanin yatsu, ga koren kashi mai kaurin yatsa a kan kunya. In kirinjijiya ce ko ƙananan agwagi, ruwan fangali zai gurɓace, ɓawon iri na yawo a sama, ƙananan dashe sun tuge suna iyo da saiwarsu. Ɓera daban yake: yana yanke kara a karkace daga gindi, ya bar tarin guntaye. Jan baki kuma, ƙaramin tsuntsun nan mai cin hatsi, da rana yake aiki, lokacin da shinkafa ke nono, ya matse ƙwaya ya bar farin busasshen ruwa a kanta. Mutanen Yauri na da ƙarin baƙo, dorina, amma sawunta ba ya bukatar bayani.

Amfanin wannan bincike shi ne kada ka kwana kana kaɗa gwangwani alhali ɓera ne ke cin ka.

Gyaran fangali ya fi kora

Tsuntsun ruwa daga sama yake hango ƙyallin ruwa, musamman a farin wata. Ba ya son sauka cikin shuka mai duhu, domin yana bukatar fili ya sauka, ya ga abin da ke zuwa, ya kuma samu wurin tashi. Gonar da ke da kwari a tsakiya, inda ruwa ya yi zurfi har dashe ya mutu, ita ce masaukinsa. Daga wannan gurbi yake ci yana faɗaɗawa, gurbin da ya kai faɗin tabarma yau ya zama faɗin ɗaki bayan kwana uku.

Saboda haka a daidaita ƙasa tun kafin dashe. A saki ruwa kaɗan a fangali, a duba inda ya taru da inda tudu ya fito, a ja laka da faffaɗan katako daga tudun zuwa kwarin har bambancin bai wuce faɗin yatsu biyu ba. Babban fangali ya fi wuyar daidaitawa da hannu. Gara a raba shi da ƙarin kunya.

A wurin da dinya ta saba sauka, dashe ya fi yafi. Irin da aka yafa a ruwa abinci ne aka zuba a faranti. A yi dashe da iri mai kwana 21, ko ya ɗan haura in sanyi ya hana shi girma, tazarar santimita 20 ta kowane ɓangare, ƙwaya biyu ko uku a rami. A ajiye ragowar iri a gefen gona, bayan mako guda a zagaya a cike duk gurbin da ya mutu. Wannan cikon mutane da yawa ke raina wa, kuma shi ne ke rufe ƙofar.

Wanda dole ta sa shi yafi, ya jiƙa irin awa 24, ya tsame ya rufe a buhu awa 24 zuwa 48 har ya tsaga baki, sannan ya yafa a kan laka, ba cikin ruwa ba. Ya bar fangali da danshi kawai na kusan mako guda, yana ba da ruwa da safe yadda zai tsotse kafin magariba. Agwagwa ba ta iya tace iri a inda babu ruwan da za ta nutsa baki. Illar wannan dabara ita ce ciyawa na samun dama, kuma kurciya da ɓera na iya shiga, don haka da zarar tsiro ya kama ƙasa a fara mayar da ruwa.

Bayan dashe ma haka: santimita 2 zuwa 3 sun isa a makon farko, sannan a kai 5. Ruwan da ya kai rabin ƙwauri a gonar da ba ta rufe ba gayyata ce, ga asarar man inji. Wajen renon iri kuwa ƙarami ne, ana iya rufe shi ɗungurungum da tsohon gidan sauro a kan ƙananan turaku, a danne gefensa da laka.

Lokutan haɗari biyu ne: makonni biyu zuwa uku na farko, da makonni uku na ƙarshe kafin yanka. A tsakaninsu shinkafa ta rufe, ana iya sassauta gadi. Maƙwabta su yi ƙoƙarin dasawa cikin mako ɗaya ko biyu. Gonar da ta riga kowa, ko wadda ta rage ita kaɗai bayan kowa ya yanke, ita ke ciyar da garken fadamar gaba ɗaya.

Kora

Abin da ya fi aiki shi ne igiya a sama. A kafa sanduna masu tsawon mita ɗaya da rabi a kan kunya, a ja siririyar igiyar roba ko zaren masunta daga wannan gefe zuwa wancan, layi-layi, tazarar taku 6 zuwa 10. A kowane taku biyu a ɗaura zirin leda mai ƙyalli ko farin buhu da aka tsaga, tsawon kamu biyu. Dinya tsuntsuwa ce mai nauyi, a karkace take saukowa, kuma in fiffikenta ya taɓa abin da ba ta gani ba sau ɗaya takan ƙaurace wa wurin. A ja igiyar ta yi tauri, don in ta yi lanƙwasa har ta taɓa ruwa ta tashi aiki. Kada a shimfiɗa tsohuwar koma a sarari: tana kama duk abin da ya zo, har balbela da mujiya masu rage maka ƙwari da ɓera.

A haɗa da igiyar gwangwani. Gwangwanayen madara ko na tumatir, a zuba tsakuwa uku-uku, a rataya su bibbiyu yadda za su riƙa bugun juna, a kai ƙarshen igiyar rumfar mai gadi. Ja ɗaya sai gona ta ɗauki ƙara. Sirrin shi ne a yi shiru har sai garke ya sauko yana shirin dira, sannan a ja. Ƙarar da ake yi dare farai ba dalili, kwana uku sun saba da ita.

Mutum-mutumi ma haka. In ya kwana huɗu a wuri ɗaya, za ka iske kashin tsuntsu a kafaɗarsa. A riƙa matsar da shi duk bayan kwana biyu, a canza masa riga, a bar hannun rigar yana lilo. Tocila mai ƙarfi da ake haskawa kwatsam ta fi fitilar sola da ke ci har asuba a wuri guda.

Sa'o'in gadi su ne daga faɗuwar rana zuwa bayan isha, sai kuma daga kiran assalatu zuwa fitowar rana. A darare masu farin wata suna iya ci har tsakar dare. Ga wani abu da bai kamata a tsallake ba: a halin tsaron da ake ciki a sassan Zamfara da Kebbi, kada wanda ya harba bindigar toka ko ya fasa abin ƙara da dare ba tare da mai gari da 'yan sintiri sun sani ba. Inda kwana a gona ke da haɗari, a dogara da igiya da sarrafa ruwa, a bar gadin dare. Yara kuma ba a tura su gadin dare ko kaɗan.

Guba kuwa a bar ta sam. Hatsin da aka cakuɗa da maganin ƙwari yana kashe kajin gida da zabi, ruwa ya wanke shi zuwa gulbi ya kashe kifi, kuma tsuntsun da ya mutu da shi yakan ƙare a tukunyar wani. Ko naman dinyar da aka harba ma akwai abin lura: wasu na cin wani ƙwaro mai sa bororo a fata, dafinsa na zama a namansu, kuma dafuwa ba ta kashe shi.

Sai murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatarwa a Najeriya a 2006 a wata gonar kaji a jihar Kaduna. Agwagin daji na iya ɗauke da ita ba tare da sun nuna alama ba. A wannan lokaci a hana agwagin gida zuwa tafki, a ba kaji ruwan rijiya, a wanke takalmin gona kafin a shiga akurki. In aka ga matattun tsuntsaye da yawa a bakin ruwa, ko kaji na faɗuwa rututu da kumburin kai da baƙin tukku, kada a yanka, kada a kai kasuwa. A sanar da malamin dabbobi na ƙaramar hukuma, a sa leda a hannu kafin a taɓa, a binne a rami mai zurfin mita ɗaya ko fiye, nesa da rijiya.

Yadda iska ke ɗauke rufi

Mutane na ɗauka iska tura kwano take yi. Tsotsa take yi. In ta bugi bango ta haye sama, sai ta ja rufin zuwa sama, kuma jan ya fi ƙarfi a kusurwoyi, da baki, da tsororuwa. In kuma ta samu ƙofa ko taga a buɗe ta ɓangaren da take bugowa, sai ta cika ɗakin ta tura rufin daga ciki. Ja daga sama, turi daga ƙasa, nan take rufi ya tashi.

Rufi sarƙa ce mai haɗi uku: kwano da siririn katakon da aka buga shi a kai, wannan katako da manyan katakai, sannan manyan da bango. Bayan guguwa tarkacen na faɗa maka wanda ya karye. In kwano ya tafi shi kaɗai ya bar ƙusoshi a katako, kwanon ne ya yage. In ya tafi da ƙusoshinsa, katakon ya ruɓe ko ƙusar ta yi gajarta. In rufin ya tashi ɗungurungum ya sauka a gidan maƙwabci kamar faifai, ba a ɗaure shi da bango ba, kuma wannan shi ne mafi muni.

Ɗaure rufin kwano

A yi wannan a Maris, da sassafe kafin kwano ya yi zafi. A taka kan layin ƙusa kawai, inda katako ke ƙasa, ko a shimfiɗa allo.

A fara daga ciki. Ka soka wuƙa ko ƙusa a katako, musamman inda ya shiga bango. In ta shige ba wuya, ko ka ga hanyar gara, canza shi. Sabuwar ƙusa a ruɓaɓɓen katako ɓarnar kuɗi ce. Sabon katako a shafe shi da maganin gara ko baƙin mai ya sha kafin a ɗora.

Sannan ɗauri da bango. A ginin bulo, kowane babban katako a kewaye shi da langa-langa ko siririn rodi da aka dasa cikin linta, ko aƙalla layi uku na bulo daga sama. Ɗaurin da ya tsaya a bulon ƙarshe, iska na ɗaga shi tare da bulon. In an riga an gama gini ba a sa ba, a huda bango layi uku ƙasa, a zura waya mai kauri ninki biyu, a kewayo kan katako, a murɗe da guntun rodi har ta yi tauri, a toshe hujin da siminti. A ginin ƙasa a sauko kamu uku, kuma a sa guntun azara ko katako a kwance a jikin bango wayar ta kewaye shi, in ba haka ba za ta yanka ƙasar kamar zare a sabulu. Kusurwoyi huɗu su ne na farko, sannan sauran.

Siririn katako kada tazararsa ta wuce santimita 60, a ƙara matse shi a baki da tsororuwa. Inda ya haɗu da babba, ƙusa ɗaya da aka buga a miƙe ba ta isa ba. A buga biyu a karkace suna fuskantar juna, ko a ƙara ɗauri da waya.

Ƙusar kwano mai hula ake bugawa a kan tudun kwano, ba a kwarinsa ba, don kwari hanyar ruwa ce. A layin baki, da na tsororuwa, da kwanon farko da na ƙarshe, a buga a kowane tudu. A tsakiya ana iya tsallake ɗaya. In tsinin ya fito ta ƙasa a lanƙwashe shi. Kwanon kasuwa na yanzu ba shi da kauri, yakan yage a kewayen hular ƙusa; maganin arha shi ne a yanka tsohuwar tayar babur ko silifa gunduwa-gunduwa kamar girman kwabo, a sa ƙarƙashin kowace hula. Kada a buga har tudun ya lotsa, don ruwa zai kwanta a wurin. Ƙusar da ta ɗago kai ba a mayar da ita tsohon raminta, a cire a buga sabuwa a gefe, a toshe ramin da kwalta.

Wajen jera sabon kwano, gefe ya hau gefe da tudu ɗaya da rabi zuwa biyu, na sama ya hau na ƙasa da santimita 15 zuwa 20. Tunda guguwarmu daga gabas take zuwa, a fara jerawa daga yamma ana tahowa gabas, yadda bakin kowane haɗi zai ba iska baya. Ɗaki mai ƙafa 12 ta kowane gefe yakan ci bandir ɗaya mai ƙwaya 20 da ɗan ƙari. Kafintan da ya ce zai rufe shi da ƙasa da haka, daga haɗin zai rage.

Bakin kwanon da ya zarce bango kada ya wuce santimita 45. Rumfar ƙofar ɗaki a yi mata nata rufin daban, don in a haɗe suke, iska na shiga ƙarƙashin rumfar ta ɗaga ta, ita kuma ta ja rufin ɗaki. Rawanin da magina ke ɗorawa ya rufe bakin kwano yana taimakawa sosai, muddin an bar wa ruwa mafita. Duwatsu da bulo da ake jibgawa a kan rufi kuwa, ba mu goyon bayansu: a ƙaramar iska suna riƙewa, a babba su suke faɗowa kan mutane. Faifan sola a ɗaure shi da noti a jikin katako, ba a jikin kwano ba.

Soro, jinka, rumbu da itatuwa

Soro ba ya tsoron iska, ruwan farko yake tsoro. Zafin rani ya tsattsaga shi, indararo kuma ya cika da ƙura da sheƙar tsuntsu. A kwaɓa jar ƙasa da ciyawa da kashin shanu, a bar ta ta kwana uku ko fiye ana tattakawa, a jiƙa tsagar kafin a cusa, sannan a bi da makuba inda ake samunta. A zura sanda a indararo, a zuba bokitin ruwa a ga ya fita da gudu kuma ya faɗi nesa da gindin bango.

Jinka a sake ɗaure tanka, a ƙara shuci inda haske ke shigowa, a jefa igiya biyu a gicciye ta kan ƙoƙuwa a ɗaure da turaku a ƙasa. Murfin rumbu da na rufewa shi ne abu na farko da ke tashi, kuma ƙarƙashinsa abincin shekara ne. Masu ajiyar albasa irin na Aliero su tuna ruwa ɗaya in ya shiga rumbu ruɓa ta fara. A gyara rufin amma a bar gefe iska na ratsawa. Danni da zana a girgiza kowace dirka, wadda gara ta ci gindinta a canza.

Reshen dogon yaro ko na turare da ya hau kan ɗaki ko wayar lantarki a sare shi yanzu. A fara yanka daga ƙasan reshen, sannan daga sama, don kada ya ɓare jikin itacen. Reshen da ke kusa da wayar lantarki kuwa a kira ma'aikatan lantarki su sare shi.

Gona da ranar hadari

Irin shinkafa FARO 44 da aka dasa a Janairu ko Fabrairu yakan nuna a Afrilu zuwa Mayu, daidai bakin guguwa. Abin da ke kwantar da shinkafa shi ne yawan yuriya a makare, da cunkoson shuka, da ruwa mai zurfi da ke sa kara ya yi tsawo ba ƙarfi. Takin ƙarshe a zuba lokacin da ta fara ɗaukar ciki, ba bayan ta fitar da kai ba. A tsayar da ban ruwa kwana 10 zuwa 14 kafin yanka. In kashi takwas cikin goma na kai ya yi ruwan zinariya, a yanke, kada a jira sauran. Tamfol ya kwana kusa da inda ake shanya.

Alamun guguwa ba ɓoyayyu ba ne: zafi mai gumi, iska ta tsaya cik, gabas ta yi ja ko baƙi ƙirin, sannan wata iska mai sanyi ta busa. Daga nan mintuna kaɗan suka rage. A kashe wutar murhu, don gobarar guguwa ta fi guguwar ɓarna a garin da ke da danni. A rufe ƙofofi da tagogi duka, a kwance dabbobin da ke ƙarƙashin itace, a kifar da kwanuka da faranti. Wanda ke gona kada ya fake gindin giginya ko wani dogon itace saboda tsawa, kuma masu kwale-kwale su gangara gaɓa tun gabas na ja.

Bayan ta wuce

A fara ƙirga mutane. Duk wayar lantarkin da ta faɗi a ƙaddara akwai wuta a jikinta, har kwanon da ta taɓa, a sa babba ya tsare wurin. Wanda tsohon kwano ya yanka a wanke da ruwa da sabulu, a kai shi asibiti a yi masa allurar tetanus; kada a zuba ƙasa ko toka. Bangon ƙasa da ya karkata, ko ya tsage har yatsa na shiga, a tokare shi, kada a kwana a ɗakin. Sau da yawa ba a daren yake faɗuwa ba, sai ya gama shan ruwa.

Kafin a taɓa tarkace a ɗauki hoto da waya, a rubuta yawan ɗakuna da kwano da buhunan da suka lalace, a kai wa mai unguwa ko dagaci ya haɗa na gari ya miƙa ƙaramar hukuma, daga nan zuwa hukumar agajin gaggawa ta jiha. Amma kada a zauna jiran tallafi rufi a buɗe, hadari na biyu ba ya nisa da na farko.

Hatsin da ya jiƙe a baza shi washegari, kaurin yatsu biyu, ana juyawa duk awa. Shanshera ta bushe in ka ciza ta karye ƙas. Masara ko gyaɗar da ta yi fumfuna a ware ta, ba ta mutum ba ce, ba ta kaji ba. Shinkafar da ta kwanta a gona a fara zare mata ruwa. In ta kusa nuna a yanke cikin kwana biyu ko uku kafin ta tsira a kai. In da saura, a tayar da gindi huɗu ko biyar a ɗaure su tare da ganyensu su tsaya. Kwantacciyar shinkafa a cikin ruwa ita ce abin da dinya da kirinjijiya suka fi so, don haka igiyar gona da iska ta tsinka a mayar da ita a ranar.

Kwanon da aka tsinto a shimfiɗa shi a ƙasa mai laushi, a ɗora katako a buga da guduma har ya miƙe, a toshe tsofaffin huji da kwalta da ƙyalle. Wanda ya karye a lanƙwasa ya tafi rumfar awaki. Sauran a sa su a tsakiyar rufi, sabbin da aka saya su hau kusurwa da baki, kuma kafin a ɗora ko ɗaya a gyara haɗin da tarkacen ya nuna shi ne ya saki.